Yadda Ake Killace Bayanan Objek Don Kada Kowa Ya Taɓa Su Yadda Ya Ga Dama

Akwai wani irin kuskure da ke cinye wa mai rubuta manhaja yini guda. Manhajar ba ta tsaya ba, ba ta nuna alamar matsala ba, sai dai ka duba ka tarar da adadin da hankali ba zai ɗauka ba: mota mai kujera 18 an sayar mata da tikiti 21. Ka san wani layi ne a cikin kod ɗin ya jawo haka, amma wanne? Idan kowane ɓangare na manhajar yana da ikon sa hannu a bayanin kai tsaye, to duk layin da ya ambaci sunansa abin zargi ne, ko da layukan sun kai ɗari.

Killacewa, wadda masu sana'ar ke kira enkafsuleshan, ita ce hanyar toshe wannan. Ana haɗa bayanai da ayyukan da ke sarrafa su a cikin kilas ɗaya (kilas shi ne tsarin da ake rubutawa a kod, objek kuma abin da ake ƙirƙira daga wannan tsarin), a rufe bayanan, a bar ƙofofi kaɗan waɗanda kowacce ke bincike kafin ta bari a canza wani abu. Tunanin ya daɗe. Harshen Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a Norwe, shi ya kawo kilas da objek. A 1972 kuma David Parnas ya yi bayanin cewa kowane sashe na manhaja ya kamata ya ɓoye wa sauran sassa shawarar da aka yanke a cikinsa, musamman wadda za ta iya canzawa nan gaba.

Zan yi amfani da harshen Java, domin dokokinta a fili suke kuma kompaila, wato manhajar da ke duba kod ta fassara shi kafin ya gudana, yana tilasta su. Misalinmu tafiyar mota ce da ake kama kujera a cikinta. Ga yadda mutane da yawa ke fara rubuta ta:

```java
public class Tafiya {
    public int kujeru;
    public List<String> tikiti = new ArrayList<>();
    public boolean anRufe;
}
```

Wannan kilas ba shi da ikon hana komai. Kowa zai iya rubuta `t.kujeru = -4`, ko ya cusa tikiti a jerin bayan motar ta cika.

Mataki na 1: Rubuta dokokin objek ɗin kafin ka taɓa kod

Ɗauki takarda ka amsa tambaya guda: mene ne ya zama dole ya kasance gaskiya game da wannan objek a kowane lokaci, tun daga ƙirƙirarsa har a daina amfani da shi? Ga Tafiya, amsar ita ce kujeru ba sa gaza ɗaya, yawan tikiti ba ya wuce yawan kujeru, tikiti ɗaya ba ya shiga sau biyu, kuma da zarar an rufe tafiya ba a ƙara kowa ba a cire kowa.

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali shi ne ginshiƙin sauran. Wanda bai san dokar da yake karewa ba zai sa `private`, kalmar da ke rufe abu daga kod na waje, a ko'ina ya ɗauka ya gama. Ka lura da doka ta biyu, domin ta haɗa gurabe biyu na ajiye bayani, wato `kujeru` da `tikiti`. Babu yadda za a yi ka kare ta ta hanyar duba gurbi ɗaya shi kaɗai, kuma ita ce za ta nuna mana inda hanyar da aka saba bi take gazawa.

Mataki na 2: Rufe dukkan guraben bayani

Mayar da kowane gurbi `private`. Wanda ba zai canza ba bayan an ƙirƙiri objek, ƙara masa `final`.

```java
public final class Tafiya {
    private final String lamba;
    private final LocalDateTime lokacinTashi;
    private final List<String> tikiti = new ArrayList<>();
    private int kujeru;
    private boolean anRufe;
}
```

Ka fara da rufe komai, sannan ka buɗe abin da buƙata ta tilasta. Buɗe abin da aka rufe abu ne mai sauƙi. Rufe abin da aka riga aka buɗe kuwa sai ka bi duk wanda ya dogara da shi ka gyara masa kod.

Kada `final` ya ruɗe ka a kan jerin `tikiti`. Abin da yake hanawa shi ne a maye gurbin jerin da wani jeri dabam. Ba ya hana a ƙara ko a cire abin da ke ciki. Za mu dawo kan wannan.

Mataki na 3: Kada a haifi objek a gurgunce

Magini, wato aikin da ke gudana lokacin da aka kira `new`, shi ne ƙofar farko. Idan ya bar bayanin banza ya shiga, duk binciken da za ka yi daga baya ya makara.

```java
public Tafiya(String lamba, LocalDateTime lokacinTashi, int kujeru) {
    if (lamba == null || lamba.isBlank()) {
        throw new IllegalArgumentException("Tafiya tana bukatar lamba");
    }
    if (kujeru < 1) {
        throw new IllegalArgumentException("Kujeru ba sa gaza daya");
    }
    this.lamba = lamba;
    this.lokacinTashi = Objects.requireNonNull(lokacinTashi);
    this.kujeru = kujeru;
}
```

Guji salon nan na ƙirƙirar objek fanko sannan a riƙa cika shi gurbi bayan gurbi. Tsakanin layi na farko da na ƙarshe objek ɗin yana nan rabi da rabi, kuma wata rana wani zai manta layi ɗaya. Duk abin da objek ba zai iya aiki ba sai da shi, a nema a magini.

Mataki na 4: Ba da ayyuka masu ma'ana, ba `set` ga kowane gurbi ba

Nan ne na fi so ka tsaya ka yi tunani. Yawancin manhajojin rubuta kod suna da maɓallin da zai samar maka da `get` (aikin karantawa) da `set` (aikin canzawa) na kowane gurbi cikin daƙiƙa guda, kuma masu koyo da dama sun ɗauka wannan ita ce killacewa. Dubi abin da yake fitarwa:

```java
public void setKujeru(int kujeru) {
    this.kujeru = kujeru;
}
```

Wannan bai bambanta da gurbin `public` ba, tsawo kawai ya ƙara. Ko ka sa masa binciken cewa adadin ya wuce sifili, doka ta biyu tana nan a buɗe: tafiya mai tikiti 15 za a iya mayar da kujerunta 10 ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Tambayar da ta dace ita ce: me ke faruwa da tafiya a zahiri? Ana kama kujera, ana sakin kujera, ana canza mota idan ta farko ta lalace, ana rufe rajista. Waɗannan su ne ƙofofin da za ka buɗe, kowacce da sunan abin da take yi.

```java
public void kamaKujera(String lambarTikiti) {
    Objects.requireNonNull(lambarTikiti);
    tabbatarABude();
    if (tikiti.contains(lambarTikiti)) {
        throw new IllegalArgumentException("Wannan tikitin ya riga ya shiga");
    }
    if (tikiti.size() >= kujeru) {
        throw new IllegalStateException("Mota ta cika");
    }
    tikiti.add(lambarTikiti);
}

public void sakiKujera(String lambarTikiti) {
    tabbatarABude();
    if (!tikiti.remove(lambarTikiti)) {
        throw new IllegalArgumentException("Babu wannan tikitin");
    }
}

public void canzaMota(int sababbinKujeru) {
    if (sababbinKujeru < 1 || sababbinKujeru < tikiti.size()) {
        throw new IllegalArgumentException("Motar ba za ta dauki fasinjojin ba");
    }
    kujeru = sababbinKujeru;
}

public void rufe() {
    anRufe = true;
}

private void tabbatarABude() {
    if (anRufe) {
        throw new IllegalStateException("An rufe wannan tafiyar");
    }
}
```

Akwai abubuwan lura a nan. A cikin `kamaKujera` an gama dukkan bincike kafin a taɓa jerin. Wannan tsari ya zama ɗabi'arka: bincike tukuna, canji daga ƙarshe. Idan ka canza gurbi ɗaya sannan binciken gurbi na biyu ya jefa kuskure, ka bar objek ɗin a tsakiyar hanya, kuma wanda ya kama kuskuren zai ci gaba da aiki da gurɓataccen abu bai sani ba.

Sannan akwai `rufe` amma babu aikin sake buɗewa. Da `setAnRufe` muka rubuta, da mun ba kowa damar mayar da shi `false`. Rashin ƙofa ma hukunci ne da ka yanke. Idan daga baya aka ce ana so a iya sake buɗewa, sai a rubuta aiki na musamman da nasa sharuɗɗan.

Nau'in kuskuren ma yana da amfani. `IllegalArgumentException` na nufin abin da mai kira ya kawo ne ba daidai ba. `IllegalStateException` na nufin abin da ya kawo lafiya lau yake, amma halin da objek ke ciki bai yarda da aikin ba yanzu. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne gyara shiru, kamar a kawo kujeru -4 kai kuma ka mayar da su 1 ba tare da sanarwa ba. Ka ɓoye kuskuren ke nan, kuma zai ɓullo a wani wuri mai nisa inda ba za a gane tushensa ba.

`tabbatarABude` kuwa `private` ne, domin taimakon cikin gida yake yi. Ayyuka ma ana killace su, ba gurabe kaɗai ba.

Mataki na 5: Toshe yoyon da ke bi ta ƙofar karatu

Mutanen waje suna buƙatar ganin wasu bayanai. Ga `int` da `boolean` da `String` babu damuwa: na farko biyun kwafinsu ake miƙawa, shi kuma `String` a Java ba ya canzuwa bayan an ƙirƙire shi. Matsalar tana wurin jeri.

```java
public List<String> tikiti() {
    return tikiti;
}
```

Wannan layin ya rushe duk aikin da muka yi. Ba kwafin jerin ya bayar ba, ainihin jerin ya miƙa. Wanda ya karɓa zai iya rubuta `t.tikiti().add("T-999")` ya cusa fasinja ba tare da ya bi ta `kamaKujera` ba, ko ya kira `clear` ya share kowa da kowa. Tamkar ka kulle ƙofa ne ka miƙa mabuɗin ta taga. Kompaila ba zai yi ƙorafi ba, domin a idonsa gurbin yana nan `private`.

Gyara na farko shi ne a ba da kwafin da ba ya karɓar canji:

```java
public List<String> tikiti() {
    return List.copyOf(tikiti);
}
```

`List.copyOf` ya shigo ne a Java 10. Duk wanda ya yi ƙoƙarin ƙara wani abu a jerin da ya dawo da shi zai gamu da `UnsupportedOperationException`. Akwai kuma `Collections.unmodifiableList`, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Shi wannan ba kwafi yake yi ba, leƙe yake bayarwa zuwa ainihin jerin: mai riƙe da shi ba zai iya canza komai ba, amma idan an kama sabuwar kujera zai ga ta bayyana a hannunsa. Idan kana son hoton yadda abu yake a wannan lokacin, ɗauki kwafi. Idan jerin babba ne kuma ana yawan karanta shi, leƙen ya fi sauƙi ga ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Ka kuma sani cewa kwafin na sama-sama ne. Jerin sabo ne, amma abubuwan da ke cikinsa su ne dai na asali. Da a ce jerin na objek ɗin `Fasinja` ne masu `set`, da mai karɓa ya iya canza su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ƙananan kilas da ke zama a cikin manya suka fi kyau idan ba sa canzuwa ko kaɗan.

Gyara na biyu ya fi na farko: tambayi kanka ko mai kiran yana buƙatar jerin ma. Sau da yawa abin da yake nema amsar tambaya ce kawai.

```java
public int kujerunDaSukaRage() {
    return kujeru - tikiti.size();
}

public boolean yanaCiki(String lambarTikiti) {
    return tikiti.contains(lambarTikiti);
}
```

Ga ribar da Parnas ya hango. A ce manhajar ta girma, an koma jiragen ƙasa masu ɗaruruwan kujeru, kuma `contains` a kan `ArrayList` ya fara nauyi saboda yana bin jerin ɗaya bayan ɗaya. Sai ka canza gurbin zuwa `LinkedHashSet`, wanda ke nemo abu da sauri kuma yana riƙe tsarin shigowa. Layi ɗaya ka gyara a cikin `Tafiya`. Babu wani kod na waje da zai san an yi canji, tunda dama ba a taɓa gaya masa yadda ake ajiye tikitin ba.

Haka kuma ba mu ajiye "kujerun da suka rage" a gurbi na dabam ba, lissafa shi muke yi duk lokacin da aka tambaya. Duk bayanin da ka ajiye sau biyu, ka ɗora wa kanka aikin tabbatar da cewa sun yi daidai da juna har abada.

Mataki na 6: Kula da abin da ke shigowa ma

Yoyon yana bi ta ɗaya ɓangaren. Idan magini ya karɓi jeri daga waje ya ajiye shi yadda yake, wanda ya kawo shi yana riƙe da shi har yanzu kuma zai iya canza shi daga baya. Ka yi kwafi tukuna, sannan ka binciki kwafin, ba na asalin ba.

Wannan ne dalilin da ya sa na zaɓi `LocalDateTime` don lokacin tashi. Tsohon `java.util.Date` yana da `setTime`, saboda haka duk wanda ka miƙa wa zai iya sauya maka lokaci. Kilas ɗin `java.time`, waɗanda suka zo da Java 8 a 2014, ba sa canzuwa, don haka ana miƙa su hankali kwance.

Mataki na 7: Zaɓi matakin izini da gangan

Java tana da matakai huɗu. `private` na cikin kilas ne kaɗai. Idan ba ka rubuta komai ba, duk kilas da ke cikin fakej ɗaya, wato rukunin kilas da aka tara wuri guda, zai gani. `protected` ya ƙara da kilas masu gado, wato waɗanda aka gina a kan naka, ko a wane fakej suke. `public` na kowa ne.

Gurbin `protected` shi ne wanda na fi shawartar a guje wa. Duk wanda ya gaji kilas ɗinka ya samu hannu a bayanan, kuma ba ka san wa zai gaje shi ba shekara biyu masu zuwa. Shi ya sa na sa `final` a kan `Tafiya` kanta, don kada wani ya gaje ta ya sake rubuta `kamaKujera` babu bincike. Wani abin da ke ba masu koyo mamaki: `private` a Java na kilas ne, ba na objek ba. Wata `Tafiya` tana iya karanta guraben wata `Tafiya`, kuma da haka ake rubuta `equals`, aikin da ke kwatanta objek biyu.

Mataki na 8: Gwada karya dokokin

Koma kan takardar mataki na farko. Kowace doka ta samu gwajin da ke ƙoƙarin karya ta. Da JUnit 5, kayan aikin rubuta gwaji a Java:

```java
@Test
void cikakkiyarMotaBaTaKarbarKari() {
    Tafiya t = new Tafiya("A1", LocalDateTime.now(), 1);
    t.kamaKujera("T-001");
    assertThrows(IllegalStateException.class,
        () -> t.kamaKujera("T-002"));
    assertEquals(0, t.kujerunDaSukaRage());
}
```

Layin ƙarshe yana tabbatar da cewa bayan an ƙi aikin, objek ɗin bai gurɓata ba. Kada ka buɗe gurbi don kawai gwaji ya gan shi. Gwaji ya bi ta ƙofar da kowa ke bi.

Idan ba Java kake rubutawa ba

Python ba ta da `private` na tilas. Al'adar ita ce a fara sunan da ƙaramin layin ƙasa, kamar `_kujeru`, alamar cewa na ciki ne, sannan a ba da karatu ta `property`:

```python
@property
def tikiti(self):
    return tuple(self._tikiti)
```

Tunda ba a rubuta masa hanyar sakawa ba, `t.tikiti = []` zai jefa `AttributeError`, kuma `tuple` ba ya karɓar ƙari. Layin ƙasa biyu, kamar `__kujeru`, yana sa Python ta sauya sunan zuwa `_Tafiya__kujeru`. An yi haka ne don kada sunaye su yi karo wajen gado, kuma wanda ya san sabon sunan zai iya kaiwa gare shi. A JavaScript, tun ƙa'idar 2022, gurbin da ya fara da `#` a rufe yake da gaske, taɓa shi daga wajen kilas kuskure ne tun kafin kod ya gudana. `private` na TypeScript kuwa kompaila ne kawai ke duba shi, ba ya nan bayan an mayar da kod ɗin JavaScript.

Inda killacewa ta tsaya

`private` kariya ce daga kuskuren abokan aiki da naka, ba tsaro ba ne daga maƙiyi. Da dabarar rifilekshan, wadda ke ba manhaja damar leƙa cikin kilas yayin da take gudana, ana iya kaiwa ga gurbin da aka rufe, don haka kalmar sirri ba ta ɓoyu ba don ka sa mata `private`.

Idan zare biyu na manhaja, wato sassa biyu da ke gudana tare, suka kira `kamaKujera` a lokaci guda kuma kujera ɗaya ta rage, kowannensu zai iya wuce binciken kafin ɗayan ya ƙara nasa. Sa `synchronized` a kan dukkan ayyukan da ke taɓa guraben yana magance wannan a cikin manhaja ɗaya, kuma killacewar ce ta sa hakan ya yiwu, tunda ƙofofin ƙidayayyu ne. Idan kuwa sabar biyu ke aiki da rumbun bayanai ɗaya, dole dokar ta zauna a rumbun ma.

Ba kowane kilas ne ke buƙatar wannan duka ba. Wanda aikinsa ɗaukar bayani ne kawai daga nan zuwa can, ba shi da wata doka, `record` ya ishe shi, wato gajeren kilas na ɗaukar bayani, wanda ya tabbata a Java 16 a 2021. Amma idan akwai jeri a cikinsa, sai ka kwafe shi a magini, in ba haka ba yoyon mataki na 6 yana nan.

Gyara tsohon kod da ya riga ya buɗe

Kada ka rufe komai rana ɗaya. Zaɓi gurbi guda, wanda ya fi jawo matsala, ka mayar da shi `private`, ka kunna kompaila. Jerin kura-kuran da zai fito shi ne cikakken jerin wuraren da ke taɓa gurbin. Bi su ɗaya bayan ɗaya kana tambayar me kowanne yake ƙoƙarin yi. Za ka tarar wurare da dama abu ɗaya suke yi da ɗan bambanci, wani ya duba ko mota ta cika, wani ya manta. Haɗa su a aiki ɗaya mai suna a cikin kilas ɗin, ka sa binciken a ciki, ka mayar da kowane wuri ya kira shi. Gudanar da gwaje-gwaje, ajiye canjin, sannan ka ɗauki gurbi na gaba.